Sha Ukun Umma a Gadon Gidan Kabara

Akwai wata lamba da nake ba 'yan ajina duk shekara in ce su farfasa min ita: 91,520. Dubu casa'in da ɗaya da ɗari biyar da ashirin. Lissafi nake koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma sun san ni da baƙin naci, saboda haka sun ɗauka ƙagowa na yi don in wahalar da su. Ban taɓa gyara musu zato ba. Lambar nan gidan kakana ce da ke Kabara, kuma da ita na rama abin da Kawu ya yi wa mahaifiyata.

Kakana ya rasu ya bar matarsa, wadda muke kira Kaka, da 'ya'ya uku: Kawu shi ne babba, sai ƙaramin kawu, sai Umma auta. Gidan ƙasa ne babba mai sassa uku. Kawu yana sashen yamma, ƙaninsa yana na gabas, Kaka tana tsakiya da ɗakinta da rumfarta da ɗakin da Umma ta yi 'yan matanci a ciki. Ba a raba gado ba. A cikin birni ba a cika raba gida ba, ana ganin kamar tonon asiri ne, sai kowa ya ci gaba da zama inda mutuwa ta same shi, babba ya zama mai gida. Kawu ɗan kasuwa ne, yadi yake sarowa, kuma tun da aka kai Umma gidan miji ya mai da ɗakinta wurin ajiye diloli.

Ina sakandare ciwo ya kama Umma, irin wanda yake cin mutum a hankali. Mu kuwa ɗaki ɗaya muke haya a Ƙofar Ruwa, ni da ita da Baba da ƙanwata. Da abin ya yi tsanani aka yi yadda ake yi, aka mai da ita gida jinya wurin uwarta. Bazara ce. Ɗakin Kaka ƙarami ne ba taga, mai lafiya ma da kyar yake shan iska a ciki. Ɗakin Umma kuwa dogon rufi gare shi da tagogi biyu, ko rana ta take tsaka sanyi ne a cikinsa. Kaka ta kira Kawu ta roƙe shi ya kwashe kayansa, ko na ɗan lokaci ne. Ina tsaye riƙe da mafici ya ba ta amsa.

"Mace ba ta da ɗaki a gidan ubanta," in ji shi. "Ranar da aka kai ta, ɗakinta ya bi ta."

Kaka ta yi kuka, ta yi faɗa, har ta ambaci nonon da ya sha. Ya ce kayan mutane ne, ba zai sa su a rana su ƙoƙe ba. A rumfa aka shimfiɗa wa Umma tabarma, kusa da murhu, a gefen hanyar da kowa yake bi zuwa rijiya. Hayaƙi ya dame ta, ƙuda ya dame ta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne idon mutane. Umma mace ce mai kunya, ko gyale ba ta yarda ya zame mata a gaban ƙannen mijinta. Ga ta nan a kwance ana juya ta ana canja mata zani, samarin gida suna wucewa da bokiti. Ni nake ɗaure zani a jikin ginshiƙi in kare ta, iska ta ɗage, in sake ɗaurewa. Daga inda take kwance tana hango ƙofar ɗakinta da kwado a jiki. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, kuma a wannan rumfar ta cika.

A zaman makoki na ji Kawu yana gaya wa abokan kasuwarsa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare. Wani ya tambaye shi ko ta bar baya. Ya ce mata ne guda biyu, ba namiji, don haka rabonta ya dawo gida. Ban san komai game da gado ba a lokacin, amma na san na tsani mutumin nan, tsana irin wadda take hana barci. Kaka ba ta daɗe ba ta bi 'yarta. Ni kuma na yi karatu, na yi aure, na kama koyarwa. Duk sallah ina zuwa Kabara in durƙusa har ƙasa in gaishe da Kawu, ya sa min albarka, idona yana kan kwadon nan. Wanda ya ce haƙuri mantuwa ne bai san ni ba.

Shekaru suka ja, ƙaramin kawu ma ya rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya takwas, maza uku mata biyar. Ana nan sai wani mai kuɗi ya ga gidan yana kusa da titi, ya ce zai saye shi gaba ɗaya ya rushe ya yi shaguna. Kawu ya ji daɗi, dama ya daɗe yana son komawa sabuwar unguwa a bayan gari. Amma mai saye ya ce ba zai taɓa gidan gado ba sai an raba kowa ya yarda. Shi ne Kawu da ƙafarsa ya je ya ɗauko malamin da ya yi suna a unguwa wajen rabon gado. Mu ko sallama bai aiko mana ba. Matar ƙaramin kawu ce ta buga min waya, don ita ma ba ta yarda da shi ba. Na biya na ɗauki ƙanwata, muka fara zuwa wurin Baba. Ya ce shi ba zai je gidan surukai neman gadon mace ba, in ma yana da wani abu a ciki ya bar mana duniya da lahira, kuma ya faɗa a gaban maƙwabtansa biyu.

Maza suna zaure, mu mata muna soron ciki, ƙofa a buɗe muna jin komai. Malamin dattijo ne mai magana a hankali, amma ba a yi masa gaggawa. Kawu ya so a raba gidan biyu kawai, shi rabi, gidan ƙaninsa rabi. Malam ya ce ba haka ake yi ba. Gidan da aka bari har magada suka yi ta mutuwa, gado ne a kan gado, sai an bi mamatan ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wa ke raye ranar da kowannensu ya rasu. Ya fara da kakana. Da ya ji akwai 'ya mace, ya kasa gidan arba'in: Kaka ta ɗauki tumuninta, wato ɗaya cikin takwas, kaso biyar, maza sha huɗu sha huɗu, Umma bakwai. Kawu ya ce ai ta rasu tuntuni, kuma ba ta bar namiji ba. Malam ya tambaya wa ta bari. Daga soro na ɗaga murya na ce miji, da 'ya'ya mata biyu, da mahaifiyarta da rai.

Malam ya ƙirga a yatsu, sannan ya yi bayani yadda kowa zai gane. Irin wannan gado sha biyu ake kasa shi. Miji yana da rubu'i, kaso uku. 'Ya'ya mata biyu suna da sulusi biyu, kaso takwas. Uwa tana da sudusi, kaso biyu. Uku da takwas da biyu sha uku ne, wato masu ci sun fi tuwon. In haka ta faru, sai a kasa dukiyar sha uku maimakon sha biyu, kowa ya ɗan ragu, kuma babu ragowar da za ta kai ga 'yan'uwa maza.

"To ni fa, Malam?" in ji Kawu.

"A nan ba ka da komai, Alhaji. Sai ɗan abin da ya biyo ta hannun mahaifiyarku daga baya."

Tun ina yarinya nake jiran jin magana irin wannan, kuma da ta zo sai na ji ta fi yadda na zata daɗi. Bakwai ba ta rabuwa sha uku, don haka Malam ya ninka gidan duka sau sha uku, arba'in ta koma ɗari biyar da ashirin. Mutuwar Kaka ta sa aka ninka biyu don maza biyu su raba nata, ya zama dubu da arba'in. Mutuwar ƙaramin kawu ta zo da tumunin matarsa da kawunan 'ya'yansa, aka ninka sau tamanin da takwas. Malam ya ɗago ya ce gidan nan ya kasu dubu casa'in da ɗaya da ɗari biyar da ashirin. Zaure ya ɗauki dariya. Babban ɗan Kawu ya ce ashe da cokali za a raba.

Ni ban yi dariya ba, farfasa ta nake yi a kaina kamar yadda nake koya wa yara. Tana rabuwa biyu, ta sake rabuwa, har sau bakwai, sannan ta tsaya a ɗari bakwai da sha biyar. Wannan kuma biyar ce sau sha ɗaya sau sha uku. Ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa bakwai, ba kuma wata lamba da za ka ninka da kanta ta ba ka ita. Lambobi sittin da huɗu ne suke raba ta ba saura, kuma in ka tara su ban da ita kanta, sun kusa ninka ta. Masu lissafi suna da aji na musamman da suke sa irin wannan, lambar da masu raba ta suka fi ta yawa, kuma duk wanda ya ga takalman da ke ƙofar zauren nan ranar ba sai an yi masa bayani ba. Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Biyu, biyar, sha ɗaya da sha uku duk 'yan taurin kai ne, ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, kuma kowacce na san daga inda ta shigo. Biyu-biyun nan tumunin zawarawa biyu ne da rabon maza biyu. Biyar 'ya'yan kakana ne, namiji yana cin biyu. Sha ɗaya 'ya'yan ƙaramin kawu ne. Sha uku kuwa Umma ce, ita kaɗai ta kawo ta.

Kawu ya ce wannan wahalar da kai ce, a cire ɓangaren marigayiya a daidaita lissafi, in an sayar zai ba yaran wani abu su sa albarka. Na ce in aka cire sha uku abin da zai rage dubu bakwai da arba'in ne, kuma wannan lissafin gidan wani ne, ba na kakana ba. Ya ce ga ta nan ta zo da bokonta. Malam ya ce boko ko ba boko ba, abin da ta faɗa shi ne a gabansa. Ya karanto rabon kowa. Namu, ni da ƙanwata da abin da Baba ya bar mana, dubu sha uku da ɗari biyar da hamsin da biyu.

Daga nan aka zo wurin da Kawu yake ganin ya gama cin nasara. Al'ada ce in an zo nan a juyo wajen mata a tambaye su, su kuma su sunkuyar da kai su ce sun yafe wa maza, ko su ce duk yadda manya suka yi daidai ne. Macen da ta ce a ba ta nata, an dinga nuna ta ke nan a gidan biki. Malam ya tambaya ko mun yarda a sayar. Na ga ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska, bakinta ya fara motsi, na kai hannu na mintsine ta a cinya.

"Ba mu yafe ba, Malam," na ce. "Ba kuma za mu sayar ba. Ƙasa muke so, a auna mana."

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce ni 'yar cikinsa ce, a hannunsa aka yanka ragon sunana. Ya ce rashin kunya ne, ya ce uwata ba za ta taɓa yin haka ba. Wannan gaskiya ya faɗa, ba za ta yi ba, shi ya sa ta mutu a rumfa. Malam ya bari ya gama, sannan ya ce gidan da zai rabu ba tare da ya lalace ba, ba a tilasta wa magaji sayar da rabonsa, kuma wannan gida yana da faɗin da zai rabu. Tunda kowane gida yana zaune a sashensa, abin da ya fi sauƙi shi ne kowa ya riƙe inda yake, mu a ba mu tsakiya. Matar ƙaramin kawu ta ce ta yarda, sashensu yana da lungu a baya, za su fasa ƙofarsu. Mai saye da ya ji tsakiyar gida ba ta sayarwa ba ce, ko waya bai ƙara ɗauka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba ni na ɗauko Malam ba.

Aka sa rana mai awo ya zo da tef ɗinsa. Aka ware zaure da hanya da rijiya na kowa da kowa, aka auna saura. Da ya raba faɗin gidan da lambar, kowane kaso bai fi tafin hannu ba. Ɗakin Kaka da rumfa da ɗakin Umma da tsakar gidansu suka cinye dubu sha uku da ɗari biyu, saura ɗari uku da hamsin da biyu. Mai awo ya ce irin wannan ragowar yawanci bari ake yi, ba ta kai a ja tef a kanta ba. Kowa ya juyo yana kallona. Na ce ya ja. Ya ja, ta fito wani siririn fili kamar shimfiɗar tabarma biyu a tsaye, a bin bangon turakar Kawu. Aka kafa turaku, na sa magini ya jera bulo a kan layin kafin la'asar.

Dilolin ma ban ɗaga ƙafa ba. Na ce a kwashe, Kawu ya ce sai ya sami wuri, na ce ai akwai rumfa a sashensa. Ranar da 'yan dako suka zo na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa ina kallo har dila ta ƙarshe. Da na shiga ɗakin babu abin da ya rage na Umma, sai warin sabon yadi da kashin ɓera. Na buɗe tagogin biyu iska ta shigo, irin iskar da aka hana ta, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na share hawaye na fito ina duba sabon filina, sai na ɗaga kai na ga indararon turakar Kawu. Bakinsa a kan siririn filin nan yake, duk ruwan rufinsa a ƙasarmu zai sauka.

Duk ɗan birni ya san hukuncin indararo. Ba ka zuba wa maƙwabci ruwan rufinka sai da izininsa, kuma rufin ƙasa in ruwa ya kwana a kansa, saukowa yake yi a kan mai ɗaki. Na aika wa Kawu cewa ya juya indararonsa kafin damina. Ya kira magini, magini ya hau ya duba ya ce ta baya bangon maƙwabta ne, ta gefe kuma sai an yaye rufin duka an sake masa gangare, ga azara ta tsufa, in aka taɓa ta ba lalle ta koma ba. Kawu ya aiko matarsa, na ba ta lemo na ce ta gaishe shi. Ya aiko babban ɗansa, na tambaye shi ko ya zo da cokalin. Ya aiko limamin unguwa, na durƙusa na ji wa'azi har ƙarshe, na ce Allah ya saka da alheri, amma mai indararo yana da baki, kuma tsakanin turakarsa da ɗakin Umma ba nisa.

Sai da hadari ya fara haɗowa ta gabas sannan ya zo. Ina sharar rumfa na ji sandarsa. Ya tsufa, rigar ta yi masa yawa, 'ya'yansa da jikoki suna biye da shi daga nesa. Na ajiye tsintsiya na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Ya nuna indararon da sanda.

"Ki bar ruwan nan ya zuba."

"A ina, Kawu?"

"A nan."

"Nan ɗin na wane ne?"

Ya dube ni, ya dubi 'ya'yansa. "Naku ne."

"Mu 'yan Ƙofar Ruwa ne, Kawu, 'ya'yan mai haya. A ina muka sami ƙasa a Kabara?"

Ya dafa sandarsa yana kallon ƙasa. Ni kuwa ko gezau, da zai kai magariba a tsaye da na jira shi.

"Na ƙanwata ne," ya ce a ƙarshe. "Gadonta ne na gidan ubanta."

Na ce ban ji ba, iska ta ɗauke. Ya sake faɗa da ƙarfi, har matan da ke bakin rijiya suka tsaya da guga a hannu. Na ce to, albarkacin mai ƙasar na ba shi aro, ruwansa ya zuba, amma aron damina ɗaya ne. In Allah ya kai mu baɗi sai ya dawo mu sake magana.

Ƙanwata ta ce ba ni da imani. Mijina ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ni tawa ta wuce misali. Baba kuwa, ranar da na ba shi labari ya sa aka ƙaro masa tuwo. Na san abin nan ba zai tashi Umma ba, ba kuma zai mai da ita ɗakinta ko na yini guda ba. Amma a gaban mutane aka hana ta, don haka a gaban mutane za a dinga faɗar nata ne, kuma ba na jin ko ɗigon nadama.

Tun daga lokacin, duk shekara in zafi ya kai ƙarshe gabas ta fara baƙi, nakan je Kabara in buɗe tagogi in zauna a rumfa. Yakan zo ya tsaya a bakin bulon, in yi tambayata, ya ba ni amsa, in ba shi damina ɗaya. Bana ƙafa ta ƙi, 'ya'yansa biyu ne suka riƙo shi ta hammata, muryar ma sai an kasa kunne. Babban ɗan ya ce in dubi girman Allah in bar shi ya faɗa a madadinsa. Na ce ba shi ya sa kwadon ba. Na matso kusa na durƙusa, na jira har tsohon ya kai ƙarshen maganar da bakinsa.